Gaisuwar Yaya da Tukunyarta

Ni ce na karɓe makullin kicin daga hannun Yaya. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, tunda dangi sun riga sun gama yawo da maganar, wai Auta ta ga yayarta ta tsufa, ta ture ta gefe ta gaje sana'a. To, su yi ta faɗa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa tsayawa gaban wuta na awa shida, balle ya san abin da idona ya gani ranar.

Yaya ta girme ni da shekara goma sha huɗu. Ita ta goya ni, ita ta koya mini riƙon wuƙa, ita ce kuma ta fara zabga mini mari a duniya, ranar da na ɗanɗana miya na mayar da cokalin cikin tukunya. Girkin taro ne sana'arta. In ana biki, ko taron ma'aikata, ko yaye ɗalibai, ita ake nema. Kicin ɗinmu ɗaki ɗaya ne mai tsawo a bayan wani shago, da murhun gas huɗu a jere, da famfo biyu, da tsohuwar firiza mai gurnani, da taga ɗaya da ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. Mu uku ne a ciki: Yaya, da ni, da mai wanke-wankenmu da muke kira Doguwa saboda sai ta taka benci take kaiwa famfo.

Miyar kazar Yaya ce ta yi mata suna. Tumatir ne da albasa da tattasai kamar na kowa, amma tata tana da wani kauri da garɗi da ke sa manyan mutane su manta da girma su lashe cokali. Masu girki 'yan'uwanta sun yi bincike har sun gaji. Akwai wadda ta taɓa turo ƙanwarta ta yi mana aiki wata guda don leƙen asiri, ta tafi ba ta samu komai ba sai ƙunar mai a hannu.

Ga yadda abin yake. In miya ta kusa sauka, sai Yaya ta goge hannu a jikin zanenta ta ce, "Ku ba ni wuri in gaisa da tukunyata." Sai mu fita ni da Doguwa, ta turo ƙofa. Minti biyu, bai fi ba. Mukan ji ƙarar buɗe kabad ɗin sama, mu ji motsin ludayi, sannan ta buɗe mana tana murmushi. Mun sha tsokanarta.

"Yaya, tofi kike yi mata ne?"

"Ke dai ci ki yi shiru. Ranar da zan mutu na gaya miki."

"In kuma kika mutu babu shiri fa?"

"Sai ki koma sayar da ruwan sanyi, mai bakin tsiya."

Kowace mai girki tana da irin wannan sirri, kada wani ya ce Yaya ce ta fara. Shi ne jarinta. Ba a tambaya, kuma ba a faɗa.

Ranar da abin ya faru, taron sallamar wani ma'aikaci ne da ya yi ritaya, mutum ɗari da ashirin da iyalansu, da rana tsaka a wani zauren taro. Yaya tana ɗan ɗakin baya tana juye abinci a manyan kuloli, ni ina gaba ina zubawa. Sai ga wata mata siririya mai tabarau, riƙe da hannun yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba. Rigar yarinyar ruwan ɗorawa ce, kuma tana da giɓi a gaba, haƙori biyu sun fita. Tana ta leƙen kaza tana haɗiyar yawu.

Matar ta ce, "Baiwar Allah, don Allah akwai gyaɗa a miyar nan? Jikin 'yata ba ya karɓarta ko kaɗan."

Na ce, "Babu."

Ta ce, "Kin tabbata? Ba borin jini kawai take yi mata ba, numfashinta take toshewa."

Layi ya yi tsawo a bayanta, zafi ya dame ni, ga ni da saurin hawa. Na ce, "Haba baiwar Allah! Ni na markaɗa tumatirin nan da hannuna, ni na soya kazar, man ma ba na gyaɗa ba ne. Na ce miki babu."

Wallahi ban yi ƙarya ba a sanina. Na san duk abin da ya shiga tukunyar nan tun daga asuba, in ban da minti biyu. Na zuba wa yarinyar shinkafa, na ɗora cinya guda, har na ƙara mata miya saboda giɓin nan nata ya ba ni dariya. Ta ce, "Na gode, Anti."

Ba a yi minti goma ba na ji kujeru suna faɗuwa. Na hango wani mutum ya ɗauko ta a kafaɗa yana gudu, uwar tana binsa tana zazzage jaka a ƙasa tana neman wani abu. Sun wuce ta gabana. Leɓen yarinyar ya kumbura, idanunta sun rufe, numfashinta yana fita da wani siririn fito. Har yau in butar shayi ta fara kuka sai na tashi na kashe wutar.

Na ruga ɗakin baya. Doguwa ta riga ni shiga da tiren kwanukan da ta kwaso, ba ta san me ake ciki ba. Na tarar da Yaya riƙe da faranti ɗaya, ta ɗaga shi sama, ranta a ɓace.

"Wane ne wannan ya raina mini abinci? Dubi fa! Cokali uku kawai aka ci!"

Na gane cinyar, na gane miyar da na ƙara. Na ce, "Yaya, me kike sawa in kin kore mu?"

Ta ɗaure fuska. "Ke, yaushe muka fara haka da ke?"

Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. "Me kike sawa!"

Ta dube ni, ta dubi ƙofa inda hayaniya ke tashi. Muryarta ta yi ƙasa. "Soyayyar gyaɗa ce, niƙaƙƙiya. 'Yar kaɗan ce, Auta. Cokali biyu a tukunyar mutum ɗari."

A cikin wani tsohon gwangwanin madara take ɓoye ta, marar rubutu, a bayan kabad ɗin sama. A gida take soyawa ta niƙa, ta zo da ita a jaka.

Yarinyar ba ta kai yamma ba.

Hukuma ta rufe mana kicin wata uku, an yi tambayoyi, an yi rubuce-rubuce. A wajen tambayoyin ne Yaya ta ji komai daga bakina, har tabarau ɗin matar da launin rigar yarinyar. Wannan duk bai dame ni ba kamar ranar da muka je gidansu gaisuwa. Na shirya wa zagi, na shirya wa duka. Uwar tana zaune a ƙasa, ba tabarau, idanunta sun ƙanƙance. Ta gane ni nan take. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Sau biyu fa na tambaye ki."

Yaya kuwa, uwar ko kallonta ba ta yi ba, don ba ta san wace ce ba. A hanyar komawa Yaya ta ce mini, "Ni ya kamata ta gaya wa." Daga baya mutanen suka bar garin, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Na ɗauka Yaya ta bar girki ke nan. Ina! Ranar da aka buɗe mana kicin, ta riga kowa zuwa. Ta sauko da gwangwanin, ta juye shi a shara a gabanmu, ta taka shi da ƙafa har ya lotse. Ta sayo babban allo ta kafa a bakin ƙofa, ta rubuta duk abin da ke cikin kowane girki namu da manyan baƙaƙe, har da ɗan abin da ake barbaɗawa a ƙarshe. Kafin wata guda, da yake sirrin gyaɗar ya riga ya fita, masu girki uku a unguwar suna yin tsohuwar miyar Yaya. Na zo mata da labarin ina huci, ta ce, "Su yi. Ki ce su rubuta a allo su ma."

Ta je wajen jami'ar lafiya ta zauna kamar ɗalibar aji ɗaya. Ta dawo da jerin abubuwan da ke yi wa mutane haka, wanda likitoci ke kira alaji: gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara, kifi, jatan lande, alkama, waken soya, da wasu da ban taɓa jin sunansu ba. Ta sayo tukunya biyu, ludayi, wuƙa da katakon yanka, ta shafa wa hannun kowanne jan fenti. Waɗannan na masu alaji ne kaɗai, kabad ɗinsu daban, soson wankinsu daban. Girkin jar tukunya shi ake fara yi da safe kafin a buɗe komai, a rufe shi, a manna takarda a murfin, a rubuta na wane ne da abin da ba ya ci. Man da aka soya kifi ba ya sake ganin wani abu, ko da kuwa ya yi kyau kamar ba a taɓa shi ba. Duk kwalba ko gwangwanin da aka sayo, sai ta sa tabarau ta karanta bayansa, ko da jiya ta sayi irinsa, wai masu yi suna canja haɗi ba su gaya wa kowa ba. Mun yi mata dariya, har ranar da ta nuna mana riɗi a jikin kwalbar wani yaji da muka shekara biyar muna saye.

Doguwa ta fi kowa shan wahala, don tana da tawul da take ratayawa a kafaɗa tana goge komai da shi, hannu, cokali, bakin faranti. Yaya ta raba ta da shi da ƙyar. Ni kuma doka ɗaya aka kafa mini, ta fi duka ciwo: in an tambaye ni abin da ke cikin abinci, ba ni da izinin amsawa da ka. Ko na sani, sai in ce, "Bari in dubo." In je in duba takarda, in tambayi wadda ta girka, sannan in dawo. Shekara goma sha tara ban sake cewa "babu" daga tsaye ba.

Ba kowa ya ji daɗin sabuwar Yaya ba. Kafin ta karɓi aiki sai ta tsare mai taro da tambaya: akwai wanda ba ya cin wani abu? Ka tambaya ko zato kake yi? Yara nawa ne? Wani mai babbar mota ya taɓa ce mata, "Kai, wannan duk iyayi ne na zamani. Mu da muka tashi me ba mu ci ba?" Yaya ta miƙe ta buɗe masa ƙofa, ta ce ya nemi wata. Na ce, "Yaya, aikin mutum ɗari uku fa!" Ta ce, "Na ji." Shi ke nan.

Amma fa kada ku ɗauka duk wannan ya ba ta kwanciyar hankali. In kwanuka suka dawo daga taro, Yaya takan tsaya kan Doguwa tana duba su ɗaya bayan ɗaya. In ta ga farantin da aka taɓa kaɗan aka bari, sai ta riƙe shi ta ƙi ajiyewa. Sai na kira mai taron a waya na tambaya ko kowa lafiya, sannan ta zauna. Ba ta sake cin miyar kaza ba. In muka ga yarinya da riga ruwan ɗorawa a hanya, sai kowaccenmu ta kama kallon wani wuri. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba, ko sau ɗaya. Ni ina ganin laifin bakina, ita tana ganin laifin hannunta, muka raba kayan muka ɗauka.

Mantuwar ta fara ne shekara biyu da suka wuce. Ta sa gishiri sau biyu. Ta bar famfo a buɗe. Wata rana ta kira ni Inna, mahaifiyarmu da ta rasu tun ina goye. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. 'Ya'yanta suka ce ta zauna a gida. Ni na hana. Na ce kicin ɗin nan shi ne numfashinta, ku raba ta da shi ku gani in za ta kai wata uku. Na karɓi manyan tukwane, na bar mata jar tukunya, saboda a nan ko kuskure ɗaya ba ta taɓa yi ba. Tana iya manta ranar da ake ciki, amma ba ta manta wanke hannu har gwiwa kafin ta taɓa jan ludayi. Na ce a raina wannan shi ne abu na ƙarshe da zai fita daga kanta. Wautata ke nan, kuma ni na yi ta, ba wani ba.

Ranar wata Laraba muna da aikin wata makaranta, abincin rana na yara sittin. Malamar ta kira tun farkon mako ta ce akwai yarinya ɗaya a aji uku da ba ta cin gyaɗa, har allura take yawo da ita a jaka. Yaya da kanta ta rubuta takardar murfin da rubutunta mai karkata: "Aji uku. Yarinya ɗaya. BA GYAƊA." Wajen ƙarfe tara na safe jar tukunya tana tafasa, ina yanka albasa, Doguwa tana kan bencinta.

Sai Yaya ta goge hannu a jikin zanenta. Ta juyo tana murmushi, wani murmushi da na manta tana da shi, ta ce da murya sakayau irin ta da:

"Ku ba ni wuri in gaisa da tukunyata."

Kwano ya suɓuce daga hannun Doguwa. Ni kuwa, abin da har yau yake ba ni tsoro, ajiye wuƙa na yi na nufi ƙofa. Ƙafafuna suka bi umarni kamar shekara goma sha taran nan ba a yi su ba. Sai da na taka waje, na ji ƙarar kabad ɗin sama, sannan na farga. Na banko ƙofar.

Tana tsaye da gwangwanin madara a hannu, sabo, an ɓare takardar jikinsa. Cokali ɗaya ya riga ya shiga, na biyu yana sama. Ƙamshin soyayyar gyaɗa ya cika ɗakin.

"Ke! Wa ya ce ki shigo?" Ta ɓoye gwangwanin a bayanta kamar yarinya. "Fita, mai bakin tsiya, ban gama ba."

Na kashe wutar. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaya, akwai gyaɗa a miyar nan?"

"Ba a tambayar mai girki..."

Ba ta ƙarasa ba. Idonta ya sauka kan jan hannun tukunyar, ya koma kan murfin da ke gefe, kan rubutunta. Na ga leɓenta yana motsi tana karantawa. Na ga murmushin yana zagwanyewa, na ga shekarun nan duka sun dawo mata fuska a lokaci ɗaya. Wallahi da na san haka abin zai kasance, da na gwammace ta ci gaba da zagina.

Ta ce, "Ta ci?"

Na ce, "Ba ta ci ba, Yaya. Ba a kai ba."

Ta girgiza kai. "Ta ci. Cokali uku."

Na karɓi gwangwanin. Ya kusa rabi. Rabi! Tun yaushe take soyawa a gida, tun yaushe take zubawa in na fita karɓar kaya, Allah kaɗai ya sani. Na juye miyar a kwata, na fitar da jar tukunyar da ludayinta daga aiki gaba ɗaya. Doguwa ta ruga ta sayo sabuwa, muka wanke kicin tun daga sama, na dafa wa yarinyar nata da hannuna, na kira malamar na gaya mata gaskiya, na ce in ba ta yarda ba kada ta ba ta. Sannan na ɗauko littafin odarmu na kira duk wanda muka yi wa girkin jar tukunya a wata biyu, mutum goma sha ɗaya. Duk kiran da na yi, sai na dafa bango kafin a ɗauka. Allah ya rufa asiri, ba wanda ya samu komai, da alama a manyan tukwane ta riƙa zubawa, wanda shi ma allonmu ya ce babu. Wasu sun gode, wasu sun zage ni, biyu sun ce ba su ƙara saye. Ban ga laifinsu ba.

Duk wannan Yaya tana zaune kan bencin Doguwa, hannu a cinya. Da na gama na durƙusa gabanta na ce, "Yaya, ba ni makullin." Yana ɗaure a bakin zanenta, inda yake tun ina yarinya. Ba ta miƙo ba, ba ta kuma hana ba. Ni na kwance shi da hannuna, ina kuka kamar wadda aka yi wa duka. Wannan shi ne gadon sana'ar da dangi suke magana a kai.

Yanzu tana gidan babbar 'yarta, a ɗaki mai taga da ke kallon titi. Ba ta gane Doguwa, wani lokaci ba ta gane 'ya'yanta. Ni ce nake kai mata abincin rana kullum, don daga hannuna kaɗai take karɓa. In na ajiye farantin sai ta ɗauki cokali ta ci ɗaya, ta ci biyu, ta ci uku. Sai ta ajiye. Ta kama hannuna ta matse, ta leƙa bayana kamar akwai layin mutane a tsaye.

"Auta, matar nan mai tabarau tana nan?"

"Tana nan, Yaya."

"Yi sauri. Je ki ce mata akwai."

Sai in ce to. In tashi in fita, in tsaya a bayan ƙofa in ƙirga minti biyu. In dawo in ce, "Na gaya mata, Yaya. Ba ta ba ta ba."

Sai ta sauke ajiyar zuciya ta cinye sauran abincin. Gobe kuma da rana ta sake aike na.